Ciwon Da Yakan Ɓad Da Kama

Labarin da za mu fara da shi misali ne, amma irinsa ya sha faruwa a ƙasashe da yawa, yana kuwa iya faruwa a gidan kowane ɗayanmu.

Wani magidanci ne, manomi, dattijo kuma a majami'ar ƙauyensu. Shekara huɗu ke nan da likita ya gaya masa yana da ciwon suga, amma da yake ba ya jin zafi a ko'ina, yakan sha magani yau ya manta gobe. Bayan kaka, sa'ad da aka gama sussukar dawa aka zuba a rumbu, sai tari ya kama shi. Ya ce ƙurar ƙaiƙayi ce, za ta wuce. Mako uku suka shige, tari yana nan. Zazzaɓi yakan zo masa da yamma, da dare kuma gumi yakan jiƙe masa riga sharkaf. Abinci ya fita ransa, wandonsa ya fara yi masa yawa.

Matarsa ta raka shi asibiti. Aka gwada kakinsa, ba a ga ƙwayar tarin fuka ba, amma hoton ƙirji ya nuna tabo a huhu irin wanda tarin fuka yakan yi. Likita ya yi abin da likitoci da yawa za su yi a wurinsa, ya sa shi a kan maganin tibi. Da suka koma gida aka ware masa kwano da moɗa, aka hana jikoki shiga ɗakinsa. Kowace safiya yana shan magani, bai tsallake ko kwana ɗaya ba. Wata biyu suka cika, mutum sai ƙara lalacewa yake yi. Ga kuma wani babban maruru ya fito masa a baya.

Wansa ya zo dubiya, ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya ce, "Ƙanena, wannan ciwo ya fi ƙarfin asibiti. Tun rikicin iyakar gonar nan na san ba za su bar ka ba. Jifa ne. Akwai wani mutum a hayin kogi, gobe da asuba mu tafi."

Matar ta durƙusa ta ce, "Yaya, ka yi mini haƙuri. Likita ya ce in mun ga ba sauƙi mu komo. Ba mu koma ba tukuna. Bari mu cika wannan, Ubangiji yana ganinmu."

Suka sayar da akuya biyu suka koma. Likita ya duba shi, ya ce lalle da wani abin dabam, ya ba su takarda zuwa babban asibitin koyarwa. A can aka ɗebi mugunyar marurun, aka sāke karɓar kaki, aka kai ɗakin gwaje-gwaje. Bayan kwanaki amsa ta fito. Ashe ba tarin fuka yake da shi ba. Ciwonsa shi ne wanda likitoci suke kira nokardiyosis.

Mene Ne Nokardiyosis?

Ciwo ne da waɗansu ƙwayoyin cuta na dangin bakteriya suke kawowa, ana ce da su Nokardiya. Sunan ya fito daga wani likitan dabbobi, mutumin Faransa, mai suna Edmond Nocard. A shekara ta 1888 shi ne ya fara gano ƙwayar, a jikin shanu marasa lafiya na tsibirin Gwadalup, can wajen Amurka. A 1889 aka raɗa wa ƙwayar sunansa. A 1890 kuma wani likita mai suna Eppinger ya ba da labarin mutum na farko da aka tabbatar ta kama shi, har ta tara masa mugunya a cikin ƙwaƙwalwa. Yau masana sun san iri fiye da 100 na wannan ƙwaya, ko da yake ba dukansu suke sa mutum ciwo ba.

Gidan Nokardiya ƙasa ne. Tana cikin turɓaya, da ruɓaɓɓen ganye, da taki, da ƙura, da ruwa. Aikinta a can mai amfani ne, gama tana cikin ƙananan halittun da Allah ya sa su ruɓar da matattun tsire-tsire su koma abincin gona. Idan aka dube ta da madubin likita, sai a ga ta yi zare-zare masu rassa, kamar saiwar ciyawa. Saboda wannan kama aka daɗe ana tsammani ita dangin fumfuna ce, kafin a tabbatar bakteriya ce.

Kada mai karatu ya tsorata. Dukanmu muna taka ƙasa, muna shaƙar ƙura, amma kaɗan ne ƙwarai suke kamuwa. A Amurka, inda ake ƙidayar irin waɗannan abubuwa, hukumar lafiyarsu ta ƙiyasta mutum 500 zuwa 1,000 ne suke kamuwa a shekara, cikin jama'a fiye da miliyan 300. Abin da ya sa muka ga ya kamata mu yi magana a kansa shi ne, ciwo ne mai magani, amma yakan kashe mutane domin ba a gane shi da wuri ba.

Ƙofofin Da Yake Shiga

Ƙofa ta fari hanci ne da baki. Mutum ya shaƙi ƙura mai ƙwayar, ta sauka cikin huhu. Wannan shi ne irin da aka fi samu. Alamunsa tari mai daɗewa, da kaki mai kauri, wani lokaci da jini, da zazzaɓi, da gumin dare, da ciwon ƙirji, da haki, da rama.

Ƙofa ta biyu fata ce. Ƙaya ta soki mutum, ko kututturen kara ya yanke shi, ko ya faɗi ya kurje a ƙasa, ƙwayar ta shiga ta wannan rauni. Wurin yakan yi ja ya kumbura, ko ya zama maruru, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Wani lokaci ƙuraje sukan jeru a layi daga raunin zuwa sama, a hannu ko a ƙafa. Ido ma yana iya kamuwa idan tsinke ko ƙasa ta ji masa ciwo.

Babban hatsarin shi ne, daga huhu ƙwayar takan bi jini ta tafi wani wuri. Tana iya sauka a ƙoda, ko ƙashi, ko gaɓoɓi, ko ƙarƙashin fata, kamar yadda ta yi wa dattijon nan a bayansa. Amma inda ta fi son zuwa shi ne ƙwaƙwalwa, inda takan tara mugunya. Alamun wannan su ne ciwon kai mai tsanani da ya ƙi tafiya, da amai, da ruɗewa, da mutuwar hannu ko ƙafa a gefe ɗaya, da faɗuwa kamar mai farfaɗiya. Iyali su lura da wannan da kyau. Mutumin da ya daɗe yana tari, sa'an nan ya fara maganar da ba kai ba gindi, ko ya faɗi yana jijjiga, yawancin mutane za su ce iska ce ta taɓa shi. Irin wannan mutum asibiti yake bukata a ranar, ba gobe ba.

Ga kuma magana mai sanyaya zuciya. Nokardiyosis ba ya tashi daga jikin wani ya kama wani. Ba a ɗaukarsa ta tari, ko ta kwano, ko ta gado ɗaya. Daga ƙasa yake zuwa.

Su Wa Ya Fi Kamawa?

Allah ya yi jikin mutum da garkuwa, watau rundunar da take yaƙi da ƙwayoyin cuta a cikin jini. Idan garkuwa tana da ƙarfi, ƙwayar Nokardiya da ta shiga huhu ba ta cika samun wurin zama ba. Ɓarawo inda danga ta faɗi yake bi. Fiye da rabin masu wannan ciwo, mutane ne da wani abu ya riga ya raunana garkuwarsu. Waɗannan su ne masu ciwon suga da ba a kula da shi ba, da masu ƙwayar cutar ƙanjamau da ba su shan magani, da masu ciwon daji da suke karɓar magani mai ƙarfi, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da mashaya giya, da masu tsohon ciwon huhu. Maza kuma sun fi mata kamuwa, wajen maza uku ga mace ɗaya.

Akwai wata ƙungiya da ya kamata mu yi magana a kanta a fili, watau masu shan ƙwayoyin da ake kira faradinisolon da deksametason. Magunguna ne masu amfani ƙwarai idan likita ya ba da su, amma in an daɗe ana sha sukan danne garkuwar jiki. A kasuwanninmu ana sayar da su kamar gyaɗa. Tsofaffi sukan saya domin ciwon gwiwa, gama suna kawo sauƙi nan da nan. 'Yan mata da amare kuma sukan sha domin su yi ƙiba, cikin haɗe-haɗen da waɗansu suke kira "sha ka fashe." Fuska ta cika, kumatu su yi sheƙi, a ce yarinya ta yi kyau, alhali kuwa an buɗe ƙofar jikinta ga cututtuka iri iri, har da wannan. Iyaye mata, ku binciki abin da 'ya'yanku suke sha. Wanda kuwa ya daɗe yana shan irin waɗannan ƙwayoyi kada ya daina farat ɗaya, gama wannan ma da hatsari. Ya je wurin likita a rage masa kaɗan kaɗan.

Irin na fata kuwa ba ya zaɓe. Yakan kama ƙaƙƙarfan saurayi mai cikakkiyar lafiya, muddin ƙaya ta kai ƙwayar cikin namansa.

Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Me ya sa aka ɗauki ciwon dattijon nan a kan tarin fuka? Domin alamunsu kusan ɗaya ne, hoton ƙirjinsu ma yakan yi kama. Har ƙwayoyin biyu dangi ne na nesa. Tarin fuka kuwa ya cika ƙasashenmu, nokardiyosis sai jefi-jefi. Idan mutum ya zo da tarin mako biyu ko fiye, daidai ne likita ya fara tunanin tibi, kuma sau da yawa shi ɗin ne.

Wahalar ita ce, na'urar GeneXpert da ake gwada kaki da ita a asibitoci da yawa yanzu, ƙwayar tibi kaɗai take nema, ba ta ganin Nokardiya. Kafin a gane Nokardiya sai an shafa kaki ko mugunya a gilashi an rina ta wata hanya dabam, an duba da madubi, sa'an nan a shuka ƙwayar a cikin faranti a jira ta tsiro. Ita kuwa mai nawa ce. Yawancin ƙwayoyin cuta sukan tsiro cikin kwana ɗaya ko biyu, amma Nokardiya tana iya ɗaukar kwanaki da yawa, har mako biyu ko uku. Idan likita bai gaya wa ma'aikatan ɗakin gwaji abin da yake zato ba, suna iya zubar da farantin kafin ta nuna kanta. Irin wannan bincike a manyan asibitoci aka fi samunsa, kamar asibitocin koyarwa.

To, mene ne aikin iyali a nan? Ku ji da kyau. Wanda aka sa a kan maganin tibi, ya sha shi kullum har wata shida ɗin su cika. Kada wani ya karanta wannan labari ya ajiye maganinsa ya ce watakila nasa ba tibi ba ne. Amma mai shan maganin tibi bisa ƙa'ida, ya kamata cikin makonni kaɗan zazzaɓi ya sauka, ci ya dawo. Idan wata biyu suka wuce mutum yana ƙara ramewa, sai a koma wurin likita a gaya masa. Dalilin yana iya zama tibi mai taurin kai wanda ba ya jin maganin farko, ko wani ciwon dabam, nokardiyosis kuwa yana cikinsu. Ba rashin kunya ba ne mutum ya ce, "Likita, mun sha magani yadda ka ce, ba mu ga sauƙi ba. Ko da wani gwajin da za a ƙara?" Likitan kirki zai yi murna da wannan tambaya. Ku gaya masa kuma in mai ciwon yana da suga, da dukan ƙwayoyin da yake saye a kemis.

Ƙafar Da Ta Kumbura Ba Zafi

Akwai wani ciwon ƙafa da ya shafi manoma da makiyaya na ƙasashen Sahel ƙwarai, Nokardiya kuwa tana cikin ƙwayoyin da suke kawo shi. Likitoci suna ce da shi maisitoma, waɗansu kuma ƙafar Madura, domin a garin Madura na kudancin Indiya ne wani likita mai suna Gill ya bayyana shi a 1842. Ana samunsa a ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwan sama da yawan itatuwan ƙaya, kamar Sudan, da Chadi, da Nijar, da Senegal, da Muritaniya, da Somaliya, da Yaman, da Indiya, da Meziko. A Sudan ya yi yawa a yankunan Jazira da Sennar, inda 'yan'uwanmu Hausawa da yawa suke zaune suna noma tun zamanin kakanni. Ya fi kama samari da magidanta masu ƙarfi, waɗanda iyali suke dogara da su.

Ga yadda yake farawa. Ƙayar bagaruwa ko farar ƙaya ta soki mutum a gona, ya cire ya ci gaba da aiki, ya manta. Bayan watanni sai wani ɗan ƙullutu mai tauri ya fito a tafin ƙafa ko a bayanta. Ba ya zafi, saboda haka ba wanda ya damu. Sannu sannu yana girma, shekara ɗaya, shekara biyu. Daga baya sai ya huda ƙananan ramuka da suke zubar da ruwa da mugunya, a ciki kuwa akan ga 'yan ƙwayoyi kamar tsabar yashi ko gero. Waɗansu baƙaƙe ne, waɗansu farare, ko rawaya, ko ja. Idan aka ƙyale shi, yakan ci nama ya kai ga ƙashi, ƙafa ta zama kamar turmi, har ta kai sai an yanke.

Launin tsabar nan yana da muhimmanci, domin maisitoma iri biyu ne. Akwai wanda dangin fumfuna suke kawowa, baƙar tsaba alamarsa ce, shi ne kuma ya fi yawa a Sudan. Maganinsa da wuya, yawanci sai an haɗa ƙwayoyi na watanni da yawa da aikin tiyata. Akwai kuma wanda bakteriya suke kawowa, watau Nokardiya da danginta. A Meziko irin na Nokardiya ne ya fi yawa. Wannan ya fi saurin yaɗuwa, amma yana jin magani sosai, mafi yawan masu shi sukan warke da ƙwayoyi da allura ba tare da an yanke kome ba. Maganin wancan ba ya yi wa wannan aiki. Saboda haka tilas a gwada a san wanne ne. Idan tsaba tana fita daga ƙafar wani naku, ku tara kaɗan a tsumma mai tsabta ku kai wa likita ya gani.

An daɗe duniya ba ta kula da wannan ciwo ba, gama ciwon talakawan ƙauye ne. A 1991 Farfesa Ahmed Hassan Fahal ya kafa cibiyar binciken maisitoma a Jami'ar Khartum, inda aka yi jinyar dubban mutane. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maisitoma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya tsai da aikin cibiyar a Khartum, marasa lafiya da yawa suka rasa maganinsu. Mu tuna da su cikin addu'a.

A wurarenmu, ƙafar da ta kumbura ba dalili akan ce mutum ya taka asiri ne. Sai a kira wanzami ya yi tsaga, ko a ɗaura saiwa, ko a ƙona wurin da ƙarfe mai zafi. Duk wannan ɓata lokaci ne, tsagar kuma tana ƙara shigar da datti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙullutun da bai kai ƙwallon goro ba yana da sauƙin magani fiye da ƙafar da ta cika da ramuka.

Magani Akwai, Amma Sai Da Haƙuri

Tun wajen shekarun 1940 likitoci suka gane magungunan dangin salfa suna kashe Nokardiya. Har yau babban maganinta shi ne kotirimoksazol, wanda yawancinmu muka sani da sunan Septrin. Idan ciwon ya yi tsanani, akan kwantar da mutum a haɗa masa da allurai masu ƙarfi, irin su amikasin, har ya fara samun sauƙi. Idan mugunya ta taru da yawa, a ƙwaƙwalwa ko a wani wuri, wani lokaci sai an yi aiki an fitar da ita.

Kada wani ya ce, "Ashe Septrin ne kawai, bari in saya a kemis." Yawan da ake sha domin wannan ciwo ya bambanta da na sauran cututtuka, likita ne yake auna shi bisa ga nauyin mutum da lafiyar ƙodarsa. Waɗansu irin Nokardiya kuma ba su jinsa, sai an sāke wani. Maganin ma yana da nasa lahani. Wanda ya ga ƙuraje sun feso masa, ko bakinsa da idanunsa sun yi gyambo, ko idonsa ya yi rawaya, ko fitsarinsa ya yi baƙi, ya dakata ya koma asibiti nan da nan. Allurar amikasin tana iya taɓa ji da ƙoda, saboda haka mai karɓarta ya faɗa in ya fara jin ƙara a kunne. Mace mai ciki kuma ta sanar da likita tun kafin a fara.

Abin da ya fi wuya shi ne tsawon lokaci. Irin na fata yakan ɗauki watanni. Na huhu wata 6 zuwa 12. Wanda ya kai ƙwaƙwalwa, shekara guda ko fiye. Bayan makonni kaɗan mai ciwo zai ji ƙarfi, tari ya tsaya, ya fara sha'awar gona. A nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Sukan ce sun warke, su ajiye magani, ciwo kuwa ya komo da ƙarfi fiye da dā. Ku tuna da Na'aman, shugaban yaƙin Suriya, wanda labarinsa yake cikin 2 Sarakuna sura 5. Sau bakwai annabi Elisha ya ce ya yi wanka a Urdun. Da ya tsaya a na huɗu ko na biyar, da ya koma gida da kuturtarsa.

Rigakafi Ya Fi Magani

Ba allurar rigakafin wannan ciwo, ba kuwa mai iya raba manomi da ƙasa. Amma akwai abubuwan da kowane gida zai iya yi.

A sa takalmi a gona da wurin kiwo, yara da manya. Takalmi rufaffe ko na danko ya fi silifa, gama ƙaya takan huda silifa. Kuɗin takalmi bai kai kuɗin jinyar ƙafa ba.

Idan ƙaya ta soki mutum, a cire ta duka, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe. Kada a shafa ƙasa, ko toka, ko kashin shanu a kan rauni.

Mai ciwon suga, ko mai raunin garkuwa, ya rufe hanci da baki da ƙyalle lokacin sussuka, da shiƙa, da kwasar taki, da sharar akurki. A yayyafa ruwa kafin a share tsakar gida da rani.

Mai suga ya riƙe maganinsa, ya riƙa duba ƙafafunsa kowane dare. Mai ƙwayar ƙanjamau ya sha maganinsa kullum, gama shi ne yake tā da garkuwarsa. Septrin ɗin da akan ba su a asibiti ma yana taimakawa wajen tsare su daga cututtuka da dama.

Duk ƙullutu, ko maruru, ko gyambon da ya wuce makonni bai warke ba, a kai shi asibiti, ko da ba ya zafi.

Aikin Iyali Da Na Ikkilisiya

Bari mu koma wurin dattijon nan. Ranar da likita ya gaya wa matarsa ciwon ba ya kama wani, abin da ta fara yi da suka isa gida shi ne ta mai da kwanonsa cikin kwanukan gida, ta kira jikoki su zo su gai da kakansu. Ya sha magani wajen shekara guda. Babban ɗansa ne yake riƙe da takardar asibiti, yana sa alama kowace rana. Matan zumunta suka riƙa kawo abinci da itace, matasan majami'a suka yi masa gayya suka nome gonarsa da damina, dattawa kuma suka ware wani abu daga baiko domin kuɗin mota zuwa asibiti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wansa ma, da ya ga ƙanensa ya miƙe, bai ƙara tā da maganar jifa ba.

'Yan'uwa, ciwon da ya daɗe yakan gwada bangaskiyar gida. Sa'ad da magani na fari bai yi aiki ba, zuciya takan fara neman wanda za ta ɗora wa laifi, ko maƙwabci, ko kishiyar uwa, ko zunubin mai ciwon kansa. Gidaje da yawa sun rabu a kan zargin da ba shi da tushe. A Yahaya sura 9 almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka so su san ko zunubin wane ne ya jawo. Ubangiji Yesu bai ɗora wa mutumin ko iyayensa laifi ba, ya warkar da shi.

Waɗansu kuma sukan ga kamar komawa asibiti rashin bangaskiya ne. Ku duba labarin sarki Hezekiya cikin 2 Sarakuna sura 20. Maruru ya kai shi bakin mutuwa, ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ji, ya ƙara masa shekara 15. Duk da haka annabi Ishaya ya sa a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun. Addu'a da magani suka tafi tare, Allah ne kuwa ya warkar. Luka ma, wanda ya rubuta mana Bishara da Ayyukan Manzanni, likita ne. Allahn da ya halicci ƙasa da abin da yake cikinta, shi ne ya ba mutane hikimar gane ƙwayar da ido ba ya gani, da maganin da yake kashe ta.

Saboda haka, idan akwai wani a gidanku ko a majami'arku da ya daɗe yana tari magani bai yi masa aiki ba, ko wani saurayi da yake ɓoye kumburarriyar ƙafa cikin dogon wando, kada ku yi shiru. Ku ziyarce shi, ku yi addu'a tare da shi, sa'an nan ku raka shi asibiti a cikin makon nan. In an ba ku magani bai yi ba, ku koma ku faɗa. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri, ya ba likitocinmu basira. Amin.